Yadda ake haɗa titunan da 'yan sa-kai suka zana da fayil ɗin hukuma a taswirar Accra

Wanda ya buɗe OpenStreetMap (OSM), taswirar intanet da 'yan sa-kai ke zanawa, ya zuƙo unguwar Nima ko Alajo zai ga lunguna da ƙananan gadojin kan kwata waɗanda taswirar ofis ba ta san da zamansu ba. Ƙafa ce ta kawo su. Daga 2018, a ƙarƙashin shirin Open Cities Accra da Bankin Duniya ya tallafa wa, matasa sun bi unguwannin da ambaliyar kogin Odaw ke addaba, suna zana gida-gida da lungu-lungu. Kafin nan, a 2017, wasu sun hau trotro, motocin hayar cikin gari, da waya a hannu suna naɗar hanyoyin da motocin ke bi. Ita kuma hukuma tana da nata: lambobin manyan hanyoyi suna wajen Ghana Highway Authority, titunan cikin gari suna wajen Department of Urban Roads, awon ƙasa yana sashen safiyo na Lands Commission, sunayen da aka raɗa wa tituna tun da gwamnati ta matsa a kan aikin a 2013 kuma suna ofisoshin Asambuli, wato ƙananan hukumomi.

Ran da ɗaya daga cikin waɗannan fayiloli ya shigo hannun ƙungiyarku, zuciya za ta ce a zuba shi gaba ɗaya cikin OSM a huta. Kada ku yi. Hatimin ofis ba ya sa layi ya zauna daidai inda titi yake. A mafi yawan lokuta 'yan sa-kai sun fi ofis sanin siffar hanya da inda take haɗuwa da wata, ofis kuma ya fi su sanin suna da lamba. Don haka a kan kowane titi tambaya ɗaya ake yi: a wannan abin, wa ya fi gaskiya? Amurkawa sun zuba bayanan titunan gwamnatinsu, masu suna TIGER, a dunƙule cikin OSM a 2007, kuma har yau akwai titunan da ke ɗauke da alamar cewa ba wanda ya duba su.

Takardar izini tukuna

OpenStreetMap tana ƙarƙashin lasisin ODbL tun 2012, wato duk abin da ka saka kowa na iya ɗauka, har ɗan kasuwa ya yi sana'a da shi, muddin ya ambaci tushe. Saboda haka "ɗauki, ba komai" da wani jami'i ya faɗa maka a baranda ba izini ba ne. Ana buƙatar wasiƙa mai sa hannun wanda ke da ikon bayarwa, wadda ta ambaci sunan fayil ɗin, ta ce an yarda a saka shi a OpenStreetMap a rarraba ƙarƙashin ODbL, kuma ambaton ofishin a shafin masu ba da gudummawa ya wadatar. Ko fayil ɗin na ɗauke da lasisin CC BY 4.0, sai an ƙara da takardar sassauci, domin sharuɗɗan biyun ba su dace ɗari bisa ɗari ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2019 tana iya buɗe maka ƙofar ganin fayil, amma ba ta ba ka damar rarraba shi ba.

Ka kuma tambayi abu biyu: yaushe aka yi shi, kuma daga me? Fayil ɗin da aka zana kafin 2021 ba zai san gadar Pokuase mai hawa huɗu ba. Idan kuma wani kamfani ya kwafo shi daga Google Maps ya miƙa wa ofis, to bai halatta ba ko da wasiƙa goma. In akwai sunayen masu gidaje ko lambobin waya a ciki, kamar yadda ake samu a fayilolin adireshi, goge su tun kafin fayil ɗin ya zagaya wayoyin 'yan ƙungiya.

Daga nan sai ku rubuta shirin aikin a shafin wiki na OSM: tushe, izini, yanki, yadda za a fassara bayanai, da yadda za a janye in an yi ɓarna. Ku gabatar wa jama'ar OSM Ghana da sauran masu bibiyar irin wannan aiki, ku ba su mako biyu su yi magana. Ku buɗe asusu na daban don aikin, kada ya gauraya da gyare-gyarenku na kullum. Wanda ya tsallake wannan, kwamitin kula da bayanai na OSM na iya share aikinsa duka a yini ɗaya.

Ma'aunin wuri, inda aka fi faɗuwa

OSM tana aiki da ma'aunin WGS 84, irin lambobin da GPS ɗin wayarka ke nunawa, lambarsa EPSG:4326. Fayilolin ofisoshin Gana kuwa sukan zo da ɗaya daga cikin uku. Akwai tsohon Ghana National Grid, EPSG:2136, wanda aka gina a kan awon Accra na zamanin Turawa, kuma da ƙafa ake auna shi, ba mita ba. Akwai Ghana Metre Grid na Leigon, EPSG:25000. Sai UTM shiyya ta 30 ta arewa, EPSG:32630.

Shapefile, nau'in fayil ɗin taswira, ba fayil ɗaya ba ne, 'yan uwa ne da ke tafiya tare: shp, shx, dbf da prj. Wannan na ƙarshen shi ke faɗin ma'aunin, kuma shi aka fi mantawa a kwafo. Zanen AutoCAD ma sau da yawa ba ya faɗin komai. In haka ta faru, lambobin da kansu za su tona asiri. Buɗe fayil ɗin a QGIS, manhajar aikin taswira a kwamfuta, ka kai linzami tsakiyar Accra, ka karanta abin da ke ƙasa. In ka ga kusan 1,190,000 da 330,000, tsohon ma'aunin ƙafa ne. In kusan 360,000 da 100,000 ne, na Leigon ne. In 810,000 da 615,000 ne ko kusa da haka, UTM ne. Da ka gane, yi amfani da Assign projection ka gaya wa QGIS abin da fayil ɗin yake, sannan Reproject layer ya mayar da shi inda kake so. Biyun ba ɗaya ba ne: na farko suna kawai yake liƙawa, na biyu shi ke sauya lambobin. Wanda ya musanya su zai tarar da Ring Road a tsakiyar teku.

Wannan kuskuren ma da sauƙi, don ido na ganinsa. Mai haɗarin shi ne ƙarami. Tsakanin tsoffin ma'aunan nan biyu da WGS 84 akwai tazarar kusan mita 300 a yankin Accra, galibinta ta kudu da arewa. In aka juya fayil ba tare da lissafin wannan tazara ba, tituna za su zauna a cikin gari lafiya lau, sai dai kowanne ya koma bisa rufin wasu, kuma a unguwa mai cunkoso mutum na iya ɗaukar layin wani titi a matsayin na maƙwabcinsa. Ko an yi lissafin daidai, hanyoyin juyawar da QGIS ke ba ka zaɓi ba sa kaiwa daidaiton taku ɗaya, ana iya samun ragowar mitoci. Don haka gwada da wuraren da ba sa motsi: shataletalen Danquah, mahaɗar Tetteh Quarshie, kusurwar katangar babban masallacin ƙasa da ke Kanda. Zaɓi biyar ko shida a sassa daban-daban. In duk sun kauce gefe guda da tazara iri ɗaya, matsalar ma'auni ce, ana gyara ta sau ɗaya ga fayil ɗin duka. In kowanne ya kauce nasa gefen, to zanen ne bai da kyau, kuma daga nan ka san sunaye kawai za ka ɗauka, ba siffa ba.

Ga masu aiki ta gabas: layin Greenwich ya ratsa Tema, kuma nan ne iyakar shiyya ta 30 da ta 31. Fayil daga can na iya zuwa da EPSG:32631.

Hoton tauraron ɗan'adam ma ba alƙali ba ne. Na Bing da na Esri kan bambanta da 'yan mitoci a wuri ɗaya. A JOSM, manhajar gyaran OSM a kwamfuta, ka sauke sawun GPS da mutane suka ɗora, ka daidaita hoton da inda sawun ya fi yawa a kan babban titi, ka adana wannan daidaiton, kowa a ƙungiya ya yi aiki da shi.

Raba titunan gida uku

Sauke bayanan OSM na Gana daga shafin Geofabrik, ka yanko yankinka, ka ware layukan da ke da alamar highway, wadda OSM ke sa wa hanyoyi. Mayar da su da fayil ɗin hukuma zuwa EPSG:32630, domin awon da za ka yi da mita ne. Ka fara da yanki ƙarami, ko da rabin Mamobi ne.

A QGIS, da Buffer ka faɗaɗa kowane titin OSM ya zama ɗamara. A unguwanni masu tsari irin Kanda ko Cantonments mita 12 zuwa 15 kowane gefe ya yi. A cikin Nima ko Sabon Zango ka sauko zuwa 5 ko 6, don lunguna sun matsu, ɗamara mai faɗi za ta haɗiye biyu ko uku. Sai Difference: cire ɗamarar daga layukan hukuma. Abin da ya rage su ne titunan da ofis ke da su, OSM ba ta da su. Watsar da guntayen da ba su kai mita 20 ba, yawancinsu kaucewar zane ce kawai. Juya aikin, ka yi ɗamara da layukan hukuma ka cire ta daga na OSM, za ka samu abin da 'yan sa-kai kaɗai suka sani. Sauran su ne waɗanda ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kai.

Kashi na biyun nan, ba a taɓa shi. Rashin lungu a fayil ɗin ofis ba hujja ba ce cewa babu shi. Mai aboboya, babur mai ƙafa uku, da mai tallan koko sun san yana nan.

Kashi na farko kuma shi ya fi yaudara. Ofisoshin tsara gari suna ajiye titunan da aka tsara a takarda amma ba a taɓa yanka su ba, ko aka yanka gine-gine suka cinye. Ka ɗora kowane layi a kan hoto. In ya ratsa ta kan rufin kwano, ba titi ba ne, buri ne. Ra'ayina a bar shi waje gaba ɗaya, ko da akwai alamar highway=proposed, sai in aikin ya tabbata an sa masa rana. OSM abin da ke ƙasa take nunawa. Ban da haka, a zango layin titi da ya bi ta tsakar gidan mutane ba ƙaramin magana ba ne, gobe za ka ji an ce yaran taswira sun zo da rusau.

A kashi na uku, Join attributes by nearest zai liƙa wa kowane titin OSM bayanin layin hukuma mafi kusa da shi. Shawara ce yake ba ka, ba hukunci ba. A bakin mahaɗa yakan ɗauko sunan titin da ya gitta, a tagwayen hanya kuma ofis kan zana layi ɗaya a tsakiya alhali OSM na da biyu. Ka amince da haɗin ne kawai in mafi yawan tsawon layin, kamar kashi 80 cikin 100, yana cikin ɗamarar ɗan'uwansa kuma sun fuskanci gefe guda.

Teburin fassara da rigimar suna

Kafin kowa ya taɓa JOSM, ku zauna ku rubuta tebur: wane ginshiƙi na fayil ɗin zai zama wace alama. Lambar hanya, N1 ko N6 ko masu farawa da IR da R, tana shiga ref. Kwalta surface=asphalt, jar ƙasa surface=unpaved in ba a san takamaimai ba. Ginshiƙan cikin gida irin OBJECTID da Shape_Leng a zubar. Matsayin titi kada a kwafe shi ido rufe: ofis na raba tituna bisa wanda ke kula da su, OSM kuwa bisa aikin da suke yi, kuma akwai jagorar Highway Tag Africa da aka rubuta don irin hanyoyinmu. Titin da trotro ke bi dare da rana bai zama ƙaramin titi ba don kwaltarsa ta mutu. Lungun da mota ba ta shiga kuma footway ne ko path, kada a mai da shi residential, in ba haka ba manhaja za ta tura motar asibiti inda ko keke sai an karkata.

Suna shi ne inda ake doguwar muhawara, kuma OSM ta tanadi gurbi ga kowa. Abin da ke kan allon titi, wanda mutane ke gane shi, shi ke shiga name. In ofis na da wani suna a rajista wanda ba a kafa allonsa ba kuma ba mai kiransa, gurbinsa official_name. Wanda 'yan unguwa suka raɗa ya shiga loc_name, wanda aka daina old_name, na Hausa kuma name:ha, amma fa sai wanda ake faɗa da gaske, ba wanda kai ka fassara ba. Dubi hanyar Tetteh Quarshie zuwa Mallam da aka buɗe a 2012: sunanta George Walker Bush Highway, lambarta N1, kuma yawancin direbobi da lambar suke kiranta. Kwame Nkrumah Interchange kuwa kowa Circle yake cewa. In duka suna cikin bayanan, duk wanda aka nema za a samu.

Abin da ba a yi shi ne goge sunan da wani ya karanto daga allo a maye gurbinsa da na fayil. Danna Ctrl+H ka ga tarihin titin. In wanda ya sa sunan ya ce da idonsa ya gani, nasa ke zama har sai an je an duba. Sunayen da suka zo da manyan baƙaƙe zalla a gyara su, St da Rd da Ave a rubuta su cikakku, "Unnamed Road" kuwa ba suna ba ne.

Aikin hannu a JOSM

Saka ƙarin manhajoji uku: opendata don buɗe shapefile, utilsplugin2, da todo don kada ka tsallake ko ka maimaita titi. Akwai mai suna conflation, amma ya fi amfani ga gine-gine da ɗigo-ɗigo, tituna sun fi son ido. Fayil ɗin hukuma ya zauna a shimfiɗarsa daban, ka hana ɗora ta. Bayanan OSM kuma ka sauko da sababbi a ranar, kada ka yi gyara a kan na Geofabrik na makon jiya.

In titin yana nan kuma siffarsa ta yi, alamun da suka rasa kawai za ka ƙara. Wannan shi ne mafi yawan aikin, kuma shi ya fi amfani.

In siffar hukuma ta fi kyau, kuma hoto da sawun GPS sun goyi bayanta, kada ka goge tsohon ka ajiye sabo. Kwafo sabon layin da Ctrl+Shift+M, zaɓi su biyun, ka danna Ctrl+Shift+G, wato Replace Geometry. Titin zai ɗauki sabuwar siffa ya riƙe tarihinsa da alamunsa. Dalilin ya wuce girmama wanda ya fara zanawa: hanyoyin trotro da dokokin hana juyawa a rataye suke a jikin waɗannan layuka, ka goge ɗaya ka tsinke hanyar mota sukutum. Shi ya sa kafin ka yanka ko ka haɗe titi, sai ka danna Ctrl+Alt+D ka sauko da duk abin da ke rataye da shi. Bayan sauya siffa ka leƙa kowace mahaɗa a tsawon titin, ka tabbata ƙananan titunan da ke shigowa ba su saki ba.

In sabon titi ne na gaske, kwafo shi, rage ɗigon da suka yi yawa da Shift+Y, sannan ka ɗaure bakinsa da titin da ya tarar: J na manna ɗigo a jikin layi, M na haɗe ɗigo biyu. Layuka biyu na iya taɓa juna a ido alhali ba su haɗu ba, manhajar nuna hanya kuwa ɗigon da suka yi tarayya a kai kawai take gani. Akasin haka ma matsala ce. Inda titi ya haye wani ta gada, kamar a Circle ko Pokuase, ba a haɗa su, na sama ake sa wa bridge=yes da layer=1. Haka inda hanya ta haye babbar kwatar da ke tsakanin Nima da Mamobi: ko gada ce, ko kwalbati, a nuna ta, kada titi da ruwa su gitta juna ba bayani. Alamar oneway=yes kuma tana bin inda aka ja layin ne, don haka ka dubi kibiyar, ka tuna a dama muke tuƙi tun 1974.

Duk inda ka yi shakka, kada ka yi hasashe. Sa fixme ka rubuta abin da ke damunka, ka wuce.

A taka a gani

Tara wuraren shakkar ku fita. StreetComplete ko Every Door sun isa a waya, Field Papers kuma na buga taswira a takarda ga wanda batirinsa ba ya jurewa. A cikin lungu GPS na iya kaucewa da mita goma saboda rufin kwano da katangu, don haka abin da za ka dawo da shi amsa ce, ba layi ba: yana ɓullewa ko ya toshe, mota na shiga ko a'a, me aka rubuta a allo. Ku fara gaida sarkin zango ko limami da asambuliman, ku faɗi abin da ya kawo ku. Mutum ya ga baƙo na ɗaukar hoton katangarsa, ba taswira ce za ta fara zuwa ransa ba. Dattijon da ke zaune a bakin lungu kuma, in ka ce "Baba, wannan hanyar tana fita titi?", amsarsa ta fi ta fayil ɗin sabunta.

Ɗorawa

Kafin kowace ɗorawa danna Shift+V, ka warware duk kuskuren da ya shafi abin da ka taɓa, musamman titunan da suka gitta ba mahaɗa, da masu kwance a kan juna, da bakin da ya tsaya dab da wani titi. OSM na karɓar har abu 10,000 a ƙunshin gyara ɗaya, amma kada ka kusanci wannan adadin. Unguwa ɗaya, tituna ashirin ko talatin, ka ɗora. A bayanin ka faɗi yankin da abin da ka yi, ka sa sunan ofishin da shekarar fayil a source, ka ƙara import=yes da adireshin shafin shirin. Ƙaramin ƙunshi ne ake iya janyewa da reverter, wata ƙarin manhaja ta JOSM, ba tare da an taɓa aikin wasu ba, kuma da intanet ɗinmu mai yankewa shi ya fi saurin wucewa. In kuna da yawa, ku raba yankin da Tasking Manager, shafin raba aikin taswira, don kada mutum biyu su kama titi ɗaya, kuma wanda ya yi gyara ba shi zai duba kansa ba.

Bayan kwana ɗaya ko biyu ku leƙa Osmose da OSMCha, shafukan gano kurakurai a OSM, sannan ku gwada neman hanya, misali daga kasuwar Nima zuwa asibitin 37, da mota da kuma a ƙafa. In ta yi wani zagaye marar dalili, akwai mahaɗar da ta saki. Wanda ya yi muku magana a kan wani gyara, ku amsa masa kafin ku ci gaba.

Kashi biyun da ba ku ɗora ba, wato lungunan da ofis bai sani ba da titunan takarda da kuka tarar gidaje ne, ku fitar da su a fayil ɗin GeoPackage ku kai wa sashen tsara gari na Asambulin da ya ba ku fayil, Ayawaso East ko Ayawaso North ko duk wanda ne. Ku haɗa da jerin sunayen da suka saɓa da allunan da ke kafe, kowanne da hotonsa, ku kuma rubuta musu cewa abin da ya fito daga OSM yana ƙarƙashin ODbL, sai an ambaci tushensa in za a yi aiki da shi.